Kokawa Ɗaya, Tuta Biyu

  

Yau na zo muku da wani zance wanda na san tun daga jin kansa wata za ta taɓe baki ta ce, "Yo ina ruwan biri da gada? Mu da muke fama da tukunya da wanki da kukan goyo, me ya haɗa mu da kokawa?" To 'yar uwa, ki ɗan ba ni aron hankalinki. Kokawar da zan yi magana a kanta ita ce wadda ake yi tsakanin ƙasa da ƙasa, inda ƙato zai shigo fili sanye da launin tutar ƙasarsu, in ya yi kaye a ce ƙasa kaza ta ci, in an kada shi a ce ƙasa kaza ta faɗi. Abin da nake so mu bi diddiginsa shi ne, yaya aka yi jikokin kaka ɗaya, wani daga Katsina wani daga Maraɗi, suka wayi gari suna karawa da juna kowa da tutarsa? Wannan labari ta Jibiya ya ratsa, kuma in kika yi haƙuri muka kai ƙarshe za ki ga akwai kasonki a ciki.

KATSINA BIYU

Duk wadda ta taɓa bin hanyar ta san ta. In kin baro birnin Katsina kika nufi Jibiya, za ki iso Magama, inda ma'aikatan kwastan da na shige da fice suke. Kina ƙetarawa kin shiga Nijar, sai Ɗan Isa, daga nan kuma sai Maraɗi. Tsakanin Katsina da Maraɗi duka-duka bai kai kilomita 100 ba. Kuɗi ne zai canza a hannunki, naira ta koma sefa, sai kuma kakin ma'aikata da harshen da aka yi rubutu da shi a allon hanya. Amma sallamar da za a amsa miki, da furar da za a dama miki, da yadda za a tambaye ki mutanen gida, duk irin waɗanda kika baro ne.

Ruwa ba ya tsami banza. Lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka fara a 1804, Malam Ummarun Dallaje da jama'arsa sun karɓe birnin Katsina wajen 1807. Gidan sarautar da aka tarar ya fice ya yi arewa da mutanensa, har daga bisani suka kafu a Maraɗi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Shi ya sa har gobe sarautar sarkin Maraɗi ita ce Sarkin Katsina. Kin ga ke nan Katsina biyu ce, ɗaya a Najeriya ɗaya a Nijar, Jibiya kuma tana tsakani.

Ba zan ɓoye miki ba, zaman da aka yi a wancan ƙarni ba na lafiya ba ne. An daɗe ana kai wa juna hari, musamman zamanin Ɗan Baskore na Maraɗi, kuma mutanen da ke zaune tsakanin biranen biyu su suka fi kowa ɗanɗana kuɗarsu. Amma ai tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Ƙura ta lafa, fatauci ya ci gaba, auratayya ta ci gaba. Yau da wuya ki shiga gida goma a Jibiya ba ki samu wanda ke da kaka ko gwaggo ko suruka a ƙetare ba.

KOKAWAR DANDALI

Tun kafin a san wani abu wai shi ƙungiyar ƙasa, kokawa wasan kaka ce. In an yanke gero, an ɗaure dammuna, an cika rumbu, jikin samari ya murmure daga wahalar noma, sai makaɗa su fara zagaya ƙauyuka. Samarin wannan gari su tashi su tafi wancan, a share fili, a zuba yashi, a yi da'ira. Ɗan kokawa ya fito da warkinsa, da guru a ƙugu da kambu a damtse, ya yi kirari ya ambaci ubansa da garinsu da mazajen da ya taɓa kayarwa, makaɗi na zuga shi har sai tsikar jikin mai kallo ta tashi.

To a wannan fili mata ba 'yan rakiya ba ne. 'Yan mata ke tafi da guɗa, kuma duk saurayin da ya yi kaye ya san idon wa yake nema a cikin taron. Gwanin kokawa ba ya rasa matar aure, wannan kowa ya sani. Ita kuwa uwa, musamman in ɗan fari ne, alkunya ba za ta bar ta ta je kallo ba. Tana tsakar gida tana tankaɗe ko tana kaɗi kamar ba ruwanta, alhali kunnenta yana dandali, tana sauraron ta wane ɓangare guɗa za ta tashi. Ita ta yi masa dakan furar da ta gina wannan ƙirji, ita kuma za ta dafa ruwan gashi in ya dawo da targaɗe.

Akwai ladubban da kokawa ta zo da su waɗanda nake so ki riƙe, don za mu dawo kansu. Wanda ya yi kaye yakan miƙa hannu ya ɗaga wanda ya kayar. Ba a tashi daga fili da gaba, in kana da haushi sai ka tara ƙarfi ka jira baɗi. Baƙin da suka zo daga wani gari kuwa, ko sun kada duk samarin garin, dole a ba su masauki a kai musu tuwo. Wa ke tuƙa tuwon? Mu ne mata, uwar wanda aka kayar da ƙannensa. A wancan zamani abin da ake tambaya shi ne, "Ɗan wane gari ne? Ɗan gidan wa?" Ba wanda ke tambayar ɗan wace ƙasa.

LAYIN DA TURAWA SUKA JA

Ana nan ana nan sai Turawa suka zo da rabonsu. A 1890 Ingila da Faransa suka zauna can a ƙasarsu suka ja layi a kan takarda, daga garin Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Chadi, suka ce arewa da layin na Faransa, kudu na Ingila. Ba su shawarci Sarkin Katsina ba, ba su shawarci na Maraɗi ba. Suka sake gyara layin a 1898, suka kuma taɓa shi a 1904 da 1906, domin Faransawa sun koka cewa rabon da aka ba su babu rijiyoyin da ayarinsu zai sha ruwa a kan hanyar Damagaram. Daga 1906 zuwa 1908 jami'an ƙasashen biyu suka bi daji suna kafa alamu. Wannan iyaka mai tsawon kimanin kilomita 1,500 ita muka gada, kuma ita ce ta bar Jibiya a hannun Ingila, Ɗan Isa da Maraɗi a hannun Faransa.

Da aka samu mulkin kai a 1960, Nijar ranar 3 ga Agusta, Najeriya ranar 1 ga Oktoba, sai kowa ya ɗinka tutarsa ya tsara takensa. Yaron Jibiya ya shiga makaranta ya koyi Ingilishi, ɗan kawunsa na Ɗan Isa ya koyi Faransanci. Gulbin da aka datse aka yi madatsar ruwa ta Jibiya dai bai fasa gangarawa Maraɗi ba, haka ma 'yan kokawa da makaɗansu ba su fasa ƙetarawa da kaka ba. Sai dai daga wannan lokaci wasan ya samu iyaye biyu, kuma kowanne da irin riƙon da ya yi masa.

TAKOBIN NIJAR

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: Nijar ta fi mu riƙon kokawa. A 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, gwamnatinsu ta shirya gasar kokawa ta ƙasa baki ɗaya karo na farko a Tawa. Wanda ya zama zakara a wannan karo ɗan Maraɗi ne, Yakuba Ango, wanda duniya ta fi sani da Kantu. Yau filin kokawar Maraɗi sunansa yake amsawa. Bayansa an yi mazaje irin su Salma Ɗan Rani na Doso, da Kadade na Tawa, da Langa-Langa na Damagaram, waɗanda tsofaffinmu na bakin iyaka ke ba da labarinsu kamar 'yan unguwarsu.

Gasar ita ce aka sani da kokawar takobi. Jihohin Nijar takwas ne: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Kowace jiha tana tace gwanayenta tun daga ƙauye har ta fitar da goma, a haɗu mutum 80 a jihar da zagaye ya faɗo kanta, a yi kwanaki wajen goma ana gwabzawa. Wanda ya rage ba a kada shi ba shi ne sarki. A naɗa masa rawani, a miƙa masa takobi, a ba shi doki da kuɗi masu kauri. Ga makaɗa, ga 'yan cali-cali masu kwaikwayon 'yan kokawa suna ba mutane dariya, ga manyan ƙasa a rumfa. Rediyo da talabijin na gwamnati suna watsawa kai tsaye, har za ki ga kasuwa ta yi sanyi in an zo karon ƙarshe. A zamaninmu Kadri Abdu, wanda ake kira Isaka Isaka, ɗan jihar Doso, ya ɗauki takobin nan har sau shida, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023.

In ana wannan gasa, je ki Jibiya ki gani. Mai shayi da mai faci da direban tasha kowa kunnensa na jikin rediyo ko idonsa na kan waya, kuma mafi yawansu Maraɗi suke goya wa baya, don a wurinsu ɗan Maraɗi na gida ne.

Mu fa a nan? Ba a ce ba a yin komai ba. Akwai hukumar wasannin gargajiya ta ƙasa wadda ke kula da kokawa da dambe da langa, ana kuma saka su a bikin wasanni na ƙasa. A bikin kamun kifi na Argungu ma ana kokawa, 'yan Nijar kan zo a kara. Amma tsakani da Allah, tambayi ɗanki ya lissafa miki 'yan ƙwallon wata ƙungiya ta Ingila ko Sifen, za ki ji ya zubo su kamar karatun allo. Ce masa ya faɗi sunan ɗan kokawar Najeriya guda ɗaya, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

RANAR DA AKA SA TUTA

A wannan shekara ta 1975 da aka fara gasar Tawa, a cikinta ne kuma aka kafa ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma a Legas, wato ECOWAS, wadda mutanen Nijar ke kira CEDEAO. Da tafiya ta yi tafiya sai ƙungiyar ta lura cewa akwai wasa ɗaya wanda kusan duk ƙasashenta suka gada tun kaka da kakanni, ba Bature ne ya kawo shi ba. Bahaushe na kokawa, Bazabarme na yi, mutanen Senegal da Gambiya na yi, haka na Togo da Burkina Faso. Sai ta shirya gasar kokawar gargajiya tsakanin ƙasashe, aka yi ta yin ta a Dakar da Yamai.

A nan ne kokawa ta canza kama. Kowace ƙasa takan kawo mutum biyar, an raba su bisa nauyin jiki, daga masu kilo 66 har zuwa masu kilo 120, don kada a haɗa ƙaramin mutum da basamude. Ga alƙali da usur, ga agogo, ga likita a gefe. Ƙasa ta fuskanci ƙasa, mutum biyar da mutum biyar, wadda ta fi yawan kaye ita ta ci. Senegal da Nijar da Najeriya su ne manyan da aka fi jin tsoro a wannan fage.

To ki duba wani abin mamaki. In Najeriya ta haɗu da Nijar, sau da yawa waɗanda za su riƙe ƙugun juna da Hausa suke mafarki su duka biyun. Kirari iri ɗaya, laya iri ɗaya, kiɗan da zai motsa wannan shi zai motsa wancan. Ɗaya ya sa kore da fari, ɗaya ya sa ruwan lemo da fari da kore. Abin da a da ake cewa karon Katsina da Maraɗi, ko na Sakkwato da Ƙonni, yanzu ya zama karon ƙasa da ƙasa, har da taken ƙasa da jami'an gwamnati.

Ni ban ga aibun wannan ba. Ina da gwaggo da ke aure a Maraɗi, kin kuwa san 'ya'yan gwaggo taubasai ne. In ɗan Nijar ya kada namu, kafin in ajiye ludayi waya ta yi ƙara, "Ina 'yan Najeriya masu cika baki? Yau wa ya sha ƙasa?" In namu ya yi kaye ni ma ba na raga musu. A yi dariya, daga nan a gangara kan gaisuwa, a ji lafiyar tsofaffi, a ji wa ta haihu, wa za a aurar bayan salla. Kin ga tuta ta ƙara wa wasan armashi, ta kuma ba mu dalilin kiran juna. Haka ya kamata karon Najeriya da Nijar ya kasance, wasan taubasai, a yi tsiya a rabu ana dariya.

DARASI DAGA OSTIRELIYA

Bari in ɗan kai ki nesa, don wani lokaci sai ka leƙa gidan wani kake sanin darajar naka. Can a ƙasar Ostireliya suna da wata ƙwallo tasu ta kansu, wadda aka rubuta dokokinta a birnin Melbon a 1859. Ƙwallon ba mulmulalliya ba ce kamar wadda yaranmu ke bugawa, siffar ƙwai gare ta, filin ma haka. Mutum 18 ne a kowane ɓangare, ana bugu da ƙafa ana kuma cafewa da hannu. Sanduna huɗu ne a kowane ƙarshen fili, in ƙwallo ta bi tsakanin na tsakiya maki shida, in ta bi ta gefe maki ɗaya. A wurinsu wannan wasa kamar kokawa ne a Nijar, ranar karon ƙarshe mutum wajen dubu ɗari ke cika fili.

Damuwarsu ɗaya ce, ba su da abokin karawa, domin ba wata ƙasa da ta gaji wasan kamar su. Sai suka tashi suka bi duniya suna koya wa mutane, suna kashe kuɗinsu. A 2002 suka shirya gasar ƙasashe ta farko a Melbon, ƙasashe 11 suka zo, ciki har da Afirka ta Kudu, ƙasar Ailan ta ɗauki kofi. A 2008 Afirka ta Kudu ta zo ta uku. A 2011 aka buɗe ɓangaren mata. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, su masu wasan ba su shiga gasar maza ba. Sun san in suka shiga ba wanda zai kai labari, sai suka koma gefe suka zama masu masauki, don dai baƙi su ji daɗin wasan su riƙe shi.

Kin ji fa. Mutane sun ƙetare teku suna neman wanda zai yi wasa da su. Mu kuwa Allah Ya ba mu abokan karawa a ƙofar gida, ba mu koya musu ba, ba su koya mana ba, tare muka tashi muka tarar da abinmu. Wanda ke da irin wannan arziki ai bai kamata ya yi wasa da shi ba.

DA AKA RUFE ƘOFA

Amma kash! Iyakar nan ta Jibiya ta sha rufewa, kuma duk rufewar da ta yi talaka ne ke kwana da yunwa. An rufe ta a 1984, ba a buɗe ba sai 1986, ga shi lokacin ana fama da fari, mutanen Nijar ba su manta da wannan shekara ba har yau. An sake rufe iyakokin Najeriya a watan Agusta na 2019. Da aka buɗe wasu a Disamba 2020, irin su Illela da Maigatari, ba a haɗa da Jibiya ba, ita sai a watan Afrilu na 2022. Ba a gama farfaɗowa ba sai sojoji suka kifar da gwamnatin Muhammad Bazum ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta sa wa Nijar takunkumi, aka sake garƙame ƙofa, har aka yi ta maganar yaƙi. Wadda duk ke da ɗan uwa a ƙetare ta san irin rashin barcin da aka yi a wannan damina. Manyan motoci suka yi layi kaya na lalacewa, kasuwar Jibiya ta yi sanyi, suna da biki da ta'aziyya suka koma ta waya. Sai a watan Maris na 2024 aka buɗe.

Ƙofa ta buɗu, amma tabon bai goge ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun ba da sanarwar ficewa daga ECOWAS a Janairu 2024, ficewar kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Bayan 'yan makonni, a watan Maris na 2025, Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar kokawar ƙasashen karo na 13 a Abuja, ana bikin cikar ƙungiyar shekara 50. Senegal ta ɗauki kofin ƙungiya, Najeriya ta zo ta biyu, kuma a karon farko mata ma sun shiga an kara da su. An yi taro an watse lafiya. Sai dai babu Nijar a fili. Ƙasar su Kantu da Isaka Isaka, wadda ta sha karɓar baƙuncin gasar, ba ta cikin masu karawa. Wallahi 'yar uwa abin ya yi kama da a yi biki a gidanku a ce ɗakin gwaggonki a rufe yake. Ko an ci an sha, wanda ya san gidan ya san akwai wadda babu.

Ga kuma matsalar tsaro da ta addabi yankin Jibiya a shekarun nan, wadda ta sa ƙauyuka da yawa ba sa iya taron dare kamar da. Yaron da aka haifa cikin wannan hali bai ga samarin ƙetare sun zo garinsu an ba su masauki ba. Abin da ya sani game da Nijar shi ne abin da ya ji a rediyo da abin da ya gani a waya, inda marasa kunya daga ɓangarorin biyu ke zagin juna da sunan kishin ƙasa. Wannan shi ne abin da ke ba ni tsoro.

KASONMU MATA

Na san wata za ta ce, "To ni me zan iya? Ni na rufe iyaka, ko ni zan buɗe ta?" A'a, ba ke ba ce. Ban kuma ce ki ɗaura warki ki shiga fili ba, kowa da inda Allah Ya ajiye shi. Amma akwai abin da ke hannunki wanda ba ya hannun shugaban ƙasa.

Na farko bakin ɗanki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar da kika ji ya dawo daga waje yana kiran mutanen Nijar da sunan raini, ko yana yi wa almajiri ko mai ga-ruwa gorin ƙasa, kada ki yi dariya ki wuce. Zaunar da shi ki gaya masa Katsina biyu ce, ki gaya masa layin da ya raba su bai fi shekara 120 da 'yan kai da kafawa ba, alhali zumuncin ya girmi kakan kakansa. In kina da dangi a can, ki lissafa masa su da sunayensu. Ke ma 'yar uwata ta Maraɗi da Damagaram da Tawa, in wannan ɗan littafi ya iso hannunki, haka za ki yi wa naki in ya fara zagin 'yan Najeriya.

Na biyu, ki koya masa ladubban fili. Ya so ƙasarsa, ya yi murna in ta ci, wannan ba laifi. Amma ya san wanda ya yi kaye shi ke miƙa hannu, wanda aka kayar kuma ba ya ɗaukar dutse. Yaron da ya iya faɗuwa ya tashi ya kaɗe jikinsa ba tare da gaba ba, shi ne gobe zai iya zama da mata da maƙwabci da abokin ciniki. Ke budurwa mai shirin aure, ki lura da wannan hali a wurin mai neman ki. Namijin da ba ya iya haɗiye kaye a wasa, ranar da kuka saɓa a gida ba zai haɗiye ba.

Na uku, kada ki raina namu. In yara na kokawa a tsakar gida kan yashi, muddin ba mugunta a ciki, ba sai kin kore su da muciya kullum ba. In ana nuna kokawar takobi ko ta ƙasashe, ki bar su su kalla kamar yadda suke kallon ƙwallon Turai, ki gaya musu wannan namu ne, kakanninsu sun yi.

Na huɗu kuma shi ne babba, zumunta a ƙafa take. Mu mata mu ne aka kai aure ƙetare, mu ne aka auro daga ƙetare. Mu ke riƙe da ranar suna da ranar biki, mu muka san wa ke jinya, wa aka yi wa rasuwa. In hanya ta yi kyau kuma maigida ya yarda, ki je. In ba hali, ki kira, ki aika da ɗan yaji ko daddawa ko turmin zane ta hannun mai zuwa. Gwamnatoci sukan ɓata su shirya, mun gani a 1986, mun gani a 2024. Amma in muka bari zumuncin cikin gida ya mutu, ranar da suka shirya ba za a tarar da kowa a bakin ƙofa yana jiran ɗan uwansa ba.

Ina roƙon Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Jibiya da Maraɗi da sauran ƙasashenmu baki ɗaya. Allah Ya daidaita tsakanin shugabanninmu, Ya nuna mana ranar da ɗan Najeriya da ɗan Nijar za su sake riƙe ƙugun juna a fili ɗaya, a yi kaye a ɗaga juna, mu kuma mu tuƙa wa baƙi tuwo. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya bar zumunci. Amin summa amin.